Ƙuman Kyanwa: Rayuwarsa, Illolinsa da Hanyoyin Kawar da Shi Daga Gida

Gabatarwa

Kyanwa tana daga cikin dabbobin da suka daɗe suna zama da ɗan Adam. Ana ajiye ta don ta tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓeraye, wasu kuwa sha'awa ce kawai ke sa su kiwonta. To amma sau da yawa mai gida yakan wayi gari ya ga kyanwarsa ta dame da susa, gashinta yana zuba, yara kuma suna kuka da wani cizo mai ƙaiƙayi a idon sawu. Idan aka bincika sai a tarar ƙuma ne, wanda a wasu wurare ake kira tunkuyau. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su yi wa kyanwar wanka, ko su fesa mata duk maganin ƙwarin da ya zo hannu. Bayan mako biyu ko uku sai ƙuman ya dawo kamar ba a yi komai ba, wani lokaci ma kyanwar ce ke mutuwa ta bar ƙuman a gidan.

Dalilin wannan rashin nasara guda ne. Ƙuman da ake gani yana yawo a cikin gashin kyanwa ɗan kaɗan ne daga cikin abin da ke gidan. Mafi yawansa yana kwance a ƙasa, a cikin tabarma da darduma da tsagar daɓe, a matsayin ƙwai da tsutsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ƙwaron yake rayuwa, da cututtukan da yake kawowa, da magungunan da suka dace da kyanwa da waɗanda ke hallaka ta, sa'an nan da yadda ake tsabtace gida har a rabu da shi.

Siffar ƙuma

Masana sun ƙididdige ire-iren ƙuma kimanin 2,500 a duniya. Wanda ya fi addabar kyanwa shi ne wanda ake kira Ctenocephalides felis a harshen kimiyya. Ko da yake sunan kyanwa ya ɗauka, shi ne kuma aka fi samu a jikin karnuka a yawancin ƙasashe, kuma a Afirka, har da Nijeriya, an sha samunsa a jikin awaki da tumaki da maruƙa. Tsawonsa kimanin milimita 2 ne, launinsa ja ne mai duhu, ba shi da fukafukai. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, abin da ke ba shi damar ratsa gashi cikin sauri. Yana da wasu ƙayoyi a jere kamar haƙoran mataji, a gefen baki da bayan kai, waɗanda ke maƙale wa gashi idan kyanwa ta yi ƙoƙarin kakkaɓe shi. Ɓawon jikinsa kuwa yana da tauri, shi ya sa ba ya mutuwa idan aka murza shi tsakanin yatsu, sai an danne shi da farce.

Abin da ya fi ba mutane mamaki game da ƙuma shi ne tsallensa. Ƙuman kyanwa yakan yi tsalle mai nisan santimita 20 a matsakaici, watau ninkin tsawon jikinsa sau ɗari. Tsokar ƙafa kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba. A 1967 Henry Bennet-Clark da Eric Lucey suka nuna cewa ƙuma yana tara ƙarfi a cikin wani furotin mai kama da roba da ake kira resilin, ya sake shi a lokaci guda, kamar yadda maharbi ke ɗana baka ya saki kibiya. A 2011 kuma Gregory Sutton da Malcolm Burrows na Jami'ar Kambirij a Ingila suka ɗauki hoton tsallen da kyamara mai tsananin sauri, suka tabbatar cewa da ƙarshen ƙafafunsa na baya yake tokare ƙasa. Amfanin wannan tsalle a wurinsa shi ne hawa jikin dabba karon farko. Da zarar ya hau ya fara shan jini, ba ya son sauka.

Matakai huɗu na rayuwarsa

Rayuwar ƙuma tana bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, ƙwanso, sai baligi. Baligin kaɗai ke zama a jikin kyanwa, kuma shi kaɗai ke cizo.

Mintoci kaɗan bayan ya hau jikin kyanwa sai ya fara shan jini. Cikin awa 24 zuwa 48 macen za ta fara saka ƙwai. Idan ta yi ƙarfi takan saka 40 zuwa 50 a rana, amma a matsakaici wajen 25 ne. Ƙwan fari ne, tsawonsa rabin milimita, kuma yana da santsi, don haka ba ya maƙalewa a gashi. Duk inda kyanwar ta kwanta, ko ta yi susa, ko ta diro daga kan kujera, ƙwan yana zuba ƙasa kamar gishiri. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: mata 10, kowace tana saka 25 a rana, cikin kwana 30 sun zuba ƙwai 7,500 a gida.

Bayan kwana 2 zuwa 10, gwargwadon zafi da danshin wurin, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe wata 'yar farar tsutsa marar ƙafafu. Wannan tsutsa tana gudun haske, saboda haka takan nutsa cikin darduma, ko ƙarƙashin tabarma da ledar ɗaki, ko cikin tsagar siminti da ƙurar da ke bayan akwati. Ba ta cizo. Babban abincinta shi ne kashin manyan ƙuma, wanda busasshen jini ne da ke zubowa daga jikin kyanwa tare da ƙwan. Ke nan uwar tana zubo wa 'ya'yanta abinci a daidai inda ta zubar da su. Tsutsar takan yi saɓa sau biyu, ta kai tsawon milimita 5 cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wannan ne matakin da ya fi rauni, domin tsutsar tana bushewa ta mutu idan danshin iska ya gaza kashi 50 cikin ɗari, ko kuwa zafi ya zarce digiri 35 a ma'aunin Salsiyos.

Daga nan sai tsutsar ta saƙa wa kanta ƙwanso na zare mai danƙo, kwatankwacin yadda tsutsar tsamiya ke yi. Ƙura da yashi da gashi suna manne wa ƙwanson har ya saje da dattin ɗaki. A cikinsa ne take rikiɗa ta zama baligin ƙuma cikin mako ɗaya zuwa biyu. A nan ne kuma wahalar take. Baligin da ya gama rikiɗa ba lallai ne ya fito nan take ba. Yana iya zama a ciki yana jira har tsawon watanni huɗu ko biyar, sai ya ji ɗumin jiki, ko motsi, ko an taka wurin. Maganin feshi kuwa da wuya ya kai ga ƙwanson da ke ɓoye a gindin darduma. Wannan shi ne bayanin abin da kan faru ga mutanen da suka rufe ɗaki suka yi doguwar tafiya, suka dawo ƙuma ya rufe musu ƙafafu tun daga bakin ƙofa, alhali babu dabbar da ta shiga ɗakin.

Idan yanayi ya yi daidai, daga ƙwai zuwa baligi ba ya wuce mako 2 zuwa 3. A yawancin gidaje yakan ɗauki mako 3 zuwa 8. Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka saba amfani da shi ya nuna cewa a gidan da ƙuma ya kama, rabin adadin ƙwai ne, kashi 35 cikin ɗari tsutsa, kashi 10 ƙwanso, kashi 5 kacal ne baligai. Wanda ya wanke kyanwa ya bar ɗaki ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Illolin ƙuma ga kyanwa

Illa ta farko ita ce zubar jini. Macen ƙuma na iya shan jinin da ya ninka nauyin jikinta sau 15 a rana, ta yadda mata wajen 70 za su shanye mililita 1 kowace rana. Wannan ba wani abu ba ne ga babban muzuru mai lafiya, amma 'yar kyanwa mai nauyin rabin kilo duk jinin jikinta bai wuce kimanin mililita 30 ba, wato cikin babban cokali biyu. Idan ƙuma ya yi mata yawa sai ta yi laushi, ta daina shan nono, dasashinta ya yi fari, kuma tana iya mutuwa saboda ƙarancin jini. Irin wannan yana faruwa ga 'ya'yan awaki da na tumaki a garken da ƙuma ya yi wa katutu.

Ta biyu ita ce borin jini. A yayin cizo ƙuma yana zuba yawunsa cikin fata don kada jini ya daskare. Jikin wasu kyanwoyi ba ya jure wannan yawu, har cizo kaɗan ya isa ya tayar musu da ƙaiƙayi mai tsanani. Ana gane shi da ƙananan ƙuraje masu ɓamɓaroki, girman ƙwayar gero, a wuya da gadon baya da gindin wutsiya, tare da zubar gashi saboda yawan lasa.

Ta uku ita ce tsila. Akwai wata irin tsila, Dipylidium caninum, wadda tsutsar ƙuma ke haɗiye ƙwanta a ƙasa. Tsilar takan girma a cikin ƙuman, kuma idan kyanwa ta haɗiye shi wajen lasar jiki sai ta kamu. Alamar ita ce wasu fararen gutsattsari masu kama da ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko a makwancinta. Ƙananan yara masu rarrafe su ma sukan kamu jifa-jifa idan suka haɗiye ƙuma. Saboda haka duk kyanwar da aka samu da ƙuma ya kamata a ba ta maganin tsila, wanda galibi yake ɗauke da praziquantel.

Illolinsa ga mutane

Ƙuman kyanwa ba ya zama a jikin mutum, kuma ba ya hayayyafa sosai da jininsa, amma yana cizo, musamman a idon sawu da ƙwauri. Abin da ya fi cizon muhimmanci shi ne cututtukan da yake ɗauka. Akwai wata bakteriya, Bartonella henselae, wadda ƙuma ke yaɗawa daga kyanwa zuwa kyanwa. Tana fita a cikin kashinsa, ta maƙale a faratan kyanwa idan ta yi susa, sai ta shiga jikin mutum ta wurin yaƙushi. Bayan mako ɗaya zuwa uku mutum ya yi kaluluwa a hamata ko wuya, da ɗan zazzaɓi. Yawanci yana warkewa da kansa, amma yana yin tsanani ga waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Akwai kuma Rickettsia felis, wadda ke sa zazzaɓi da ciwon kai, kuma a 2010 an ba da rahoton samunta a jinin masu zazzaɓi a Senegal da Kenya. Irin wannan zazzaɓi yana da saurin rikicewa da na cizon sauro.

Cutar da ta fi kowace suna a tarihin ƙuma ita ce annobar ɓeraye, wadda ta hallaka aƙalla sulusin mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong a 1894, Paul-Louis Simond kuma ya nuna a Karachi a 1898 cewa ƙuma ne ke ɗauko ta daga ɓera. Babban mai yaɗa ta shi ne ƙuman ɓera, Xenopsylla cheopis, wanda Charles Rothschild ya samo a Shendi ta ƙasar Sudan ya raɗa masa suna a 1903. Annobar ta ɓarke a Legas daga 1924 zuwa 1931, kuma a 2017 ta kama mutane fiye da 2,000 a Madagaska. Ƙuman kyanwa ba shi da ƙarfi wajen yaɗa ta, amma ita kyanwa tana kamuwa idan ta ci ɓeran da ke ɗauke da cutar, kuma a yammacin Amurka an samu mutanen da suka kamu daga kyanwoyinsu.

Yadda ake gane shi

Rashin ganin ƙuma da ido ba ya nuna babu shi, domin kyanwa tana haɗiye da yawa daga ciki a yayin da take gyara jikinta. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da ita a kan farar takarda ko farin ƙyalle, a taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, musamman wuya da gindin wutsiya. Za a ga wasu baƙaƙen burbushi suna zubowa. A ɗiga musu ruwa. Idan ƙasa ce za ta tsaya yadda take. Idan kashin ƙuma ne sai ya narke ya bar jan tabo, domin jini ne. Don gane ko ɗaki ya kamu, mutum na iya sa farar safa doguwa ya zagaya a hankali inda kyanwar ta saba kwanciya, waɗanda suka yi tsalle suka hau za su fito fili a kan farin.

Ya kamata a bambanta shi da ƙuman kaji, Echidnophaga gallinacea, wanda ba ya yawo. Shi yana kafa bakinsa ne a fata ya zauna wuri ɗaya, a gefen idon kaza da zankonta. A gidan da ake kiwon kaji ana samunsa jere a bakin kunnen kyanwa, kuma maganinsa ba ya kammala sai an haɗa da akurki.

Magungunan da suka dace da kyanwa

Kafin shekarun 1990 abin da ake da shi shi ne hoda da sabulu da ruwan tsoma dabba, waɗanda ƙarfinsu ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Binciken da Michael Dryden na Jami'ar Jihar Kansas da wasu masana suka yi ya tabbatar cewa baligin ƙuma yana zama ne a jikin dabba, kuma macen ba ta saka ƙwai sai bayan kwana ɗaya da fara shan jini. Wannan ya sauya dabarun yaƙin. Idan akwai magani a jikin kyanwa wanda zai kashe kowane sabon ƙuma kafin ya saka ƙwai, kuma ƙarfinsa ya kai wata guda, to kyanwar da kanta ta zama tarko. Duk wanda ya fito daga ƙwanso ya hau ta zai mutu ba tare da ya bar baya ba, har abin da ke ƙasa ya ƙare.

An kawo sunayen magungunan a nan kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali, don mai saye ya iya dubawa. Fipronil, wanda ke cikin Frontline, da imidacloprid, wanda ke cikin Advantage, sun fito ne a tsakiyar shekarun 1990. Ana ɗiga su a fata, su bazu ta cikin maiƙon jiki, su rikita jijiyoyin ƙwaron har ya mutu. Selamectin, wanda ya fito a 1999 da sunan Revolution ko Stronghold, yana shiga jini, kuma yana haɗawa da wasu tsutsotsin ciki da ƙwarin kunne. Nitenpyram, wato Capstar, ƙwaya ce da ke fara kisa cikin minti 30, amma ƙarfinta ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, don haka ta gaggawa ce kawai. Daga 2013 wani sabon rukuni ya shigo, wanda ya haɗa da fluralaner na cikin Bravecto, mai aiki har mako 12 a jikin kyanwa. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu dabbobi ƙalilan sukan yi karkarwa ko farfaɗiya bayan amfani da wannan rukuni, saboda haka a gaya wa likita idan kyanwa ta taɓa yin irin wannan ciwo.

Akwai kuma magungunan da ba sa kashe baligi, sai dai su hana ƙwai da tsutsa ci gaba. Methoprene da pyriproxyfen suna kwaikwayon sinadarin ƙuruciya na jikin ƙwari, ta yadda tsutsa ba za ta iya rikiɗa ba. Lufenuron kuwa yana hana ginin ɓawon jiki, sai ƙwan ya kasa ƙyanƙyashewa. Sau da yawa ana haɗa ɗaya daga cikinsu da mai kashe baligi a magani guda.

Wajen amfani da maganin ɗigawa, a fara auna nauyin kyanwa a sayi wanda ya yi daidai da ita. A buɗa gashin ƙeya har a ga fata, a matse maganin a kan fatar, inda harshenta ba zai kai ba. Kada a yi mata wanka kwana 2 kafin da kwana 2 bayan haka, kada yara su shafa wurin sai ya bushe, kuma a raba kyanwoyin da ke lasar juna na ɗan lokaci. Yawancin waɗannan magunguna ba a sa wa 'yar kyanwar da ba ta kai mako 8 ba. Ita dai a riƙa taje ta kullum ana tsoma matajin cikin ruwan sabulu, a yi wa uwar magani bisa shawarar likitan dabbobi. Sharuɗɗa biyu ne ke tabbatar da nasara: a yi wa dukan kyanwoyi da karnukan gidan magani a rana ɗaya, kowa da nasa iri, kuma a maimaita a kan kari har aƙalla wata 3 ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Abubuwan da ke kashe kyanwa

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Hantarta ba ta da isasshen wani sinadari da sauran dabbobi ke amfani da shi wajen narkar da guba su fitar da ita. Bugu da ƙari, duk abin da aka shafa mata za ta lashe shi. Saboda haka maganin da kare ke ɗauka lafiya yana iya zama ajalinta.

Na farko a wannan jeri shi ne permethrin, wanda ke cikin magungunan ɗigawa da yawa na karnuka. Ɗigo kaɗan ya isa ya sa kyanwa dalalar da miyau, da motsin kunne da fuska, da karkarwa, da farfaɗiya, har mutuwa. Ko kwanciya kusa da karen da aka ɗiga wa yana iya jawo haka kafin maganin ya bushe. Na biyu shi ne magungunan gona da na feshin ɗaki, irin su fiya-fiya da Sniper masu ɗauke da dichlorvos, waɗanda haɗarinsu bai tsaya ga kyanwa ba, ya haɗa da yaran gida. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Haka nan gamale, wato lindane, wanda aka sa cikin jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm a 2009. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata su lalata huhu. Ruwan wanke ɗaki mai finol, kamar Izal, guba ne gare ta. Tafarnuwa da albasa, waɗanda wasu ke zuba wa abinci da zaton suna korar ƙuma, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Man darbejiya ma an samu rahotannin kyanwoyin da suka yi rashin lafiya bayan an shafa musu shi. Fipronil kansa, wanda ya dace da kyanwa, yana kashe zomo.

Idan aka yi kuskure aka shafa wa kyanwa ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke ta nan take da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanuka, a goge ta, a garzaya da ita asibitin dabbobi tare da kwalin maganin. Idan ta riga ta fara farfaɗiya a wuce da ita asibiti kai tsaye. Kada a ɗura mata madara ko manja, kuma kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Tsabtace gida

Ƙwai da tsutsa ba su bazu ko'ina daidai wa daida ba. Sun fi taruwa inda kyanwa ke kwanciya. Aikin farko shi ne a lura da wuraren hutawarta: ƙarƙashin gado, kan kujerar kushin, bayan buhunan hatsi, gindin randa. A wanke tsummokaran da take kwanciya a kai da ruwa mai zafin digiri 60 duk mako. Tabarma da darduma da katifa a fitar da su a kakkaɓe, a shanya a tsakiyar rana. A share ɗaki kullum, har da kusurwoyi da ƙarƙashin kaya, a ƙone sharar ko a ƙulle ta a leda a fitar, domin zuba ta a inuwar tsakar gida daidai yake da sauya wa tsutsar ɗaki. A liƙe tsagar daɓe. Inda ake da injin zuƙe ƙura, yana da amfani ƙwarai: wani bincike na Jami'ar Jihar Ohayo da aka buga a 2007 ya nuna yana kashe kashi 96 cikin ɗari na baligan da ya zuƙe, da dukan tsutsa da ƙwanson da aka gwada. Daɗin daɗawa, girgizar injin tana sa waɗanda ke cikin ƙwanso su fito su gamu da magani.

A ƙasar Hausa yanayi yana taimakawa. Bushewar hunturu da zafin bazara suna kashe tsutsa a duk filin da rana ke bugu, shi ya sa ƙuma ya fi yawa da damina. Amma yana tsira a wurare masu sanyi da laima, kamar gindin randa da makwararar ruwa da turken awaki da ƙarƙashin rumbu, kuma daga nan yake sake bazuwa. Waɗannan wurare ne ya kamata a share, a bar su su bushe, a rage ciyawa da tarkacen da ɓeraye da kyanwoyin layi ke fakewa a ciki.

Idan abin ya yi yawa ana iya fesa maganin ɗaki mai ɗauke da methoprene ko pyriproxyfen, wanda ke hana tsutsa girma har tsawon watanni. A fitar da mutane da dabbobi, a rufe abinci da ruwan sha, a fesa ƙasa da ƙarƙashin kaya, kada a dawo da kyanwa sai wurin ya bushe iska ta ratsa shi. Kwalaben da aka gama da su kada a jefa su a rafi ko kududdufi. A 2020 masana daga Jami'ar Sussex sun ba da rahoton samun fipronil da imidacloprid a yawancin samfuran ruwan koguna 20 na Ingila, kuma sinadaran biyu suna kashe ƙananan halittun ruwa waɗanda kifi ke rayuwa a kansu.

Kammalawa

Mai gida yakan karaya idan ya ga ƙuma a jikin kyanwa mako biyu ko uku bayan ya sa magani, ya ɗauka an sayar masa da jabu. Galibi waɗanda yake gani sababbi ne da suka fito daga ƙwanso, kuma za su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu da hawansu. Wannan fitowa tana ci gaba har makwanni da dama, kuma wanda ya daina magani a wannan gaɓa ya mayar da hannun agogo baya. Idan an cika wata 3 ana bin ƙa'ida amma ƙuma bai ragu ba, sai a duba ko akwai dabbar da aka manta, ko wani makwanci da ba a share ba, ko kuwa kyanwar tana ɗebo shi daga maƙwabta, sa'an nan a koma wurin likitan dabbobi ya duba ko akwai bukatar sauya magani. Kyanwar da ke fita waje kuwa, abin da ya fi shi ne a ci gaba da yi mata magani tun kafin damina ta kankama, domin rigakafi ya fi magani.